Amsa ga mai tambaya kan manhajar ciwon kai

Ɗan'uwa, Allah ya ba uwargida lafiya. Ka ce kana Zuru, ciwon ɓarin kai ya dame ta, kana tambaya ko manhajar waya da ganin likita ta bidiyo suna rage kashe kuɗi ko ɓarnar data ce kawai.

Suna ragewa, amma a sani na manhaja ba ta gano cuta. Amfaninta shi ne rubuta ranar da ciwon ya taso, tsawonsa, abin da aka ci, barci da maganin da aka sha. Da wannan bayanin likita zai gane matsalar da wuri ko da ta bidiyo ne, ba sai kun yi ta zarya zuwa Birnin Kebbi kuna biyan kuɗin mota, kana kuma rufe shago ba. Abin da ya fi damuna shi ne shan farasitamol barkatai: wanda ke sha kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata 3, maganin kansa na iya zama sanadin ciwon. Rubutun ne ke tona wannan. Ku kuma sayi na'urar awon hawan jini, sau ɗaya ake biya.

Amma fa, in ciwon ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, ko ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ku ajiye waya ku nufi asibiti nan take. Yankinmu na sanƙarau ne, ba mu manta da annobar 2017 a Zamfara ba.