Shuɗi, Shuni da Bula: Tambayoyinku kan Launin Madafa

Wasiƙun wannan mako kusan duk hanya ɗaya suka bi, wata amarya daga unguwar Mabera a nan Sakkwato ce kuma ta ja gaba. Na bar mata harshenta na gida yadda ta rubuto shi:

"Allah shi gafarta Malam, zan tare bayan Salla, ina son a yi man kicin shuɗi. Na ce ma mai fenti shuɗi mai haske, ya kawo wani kamar rigar 'yan makaranta. Na ce ba shi na ba, ya kawo wani kamar baƙi. Sai sunayen Turanci shika jera man. Wai Hausa ba ta da sunayen kalolin shuɗi?"

Ɗiyata, Allah ya sa albarka, ya ba da zaman lafiya. Hausa tana da su. Sai dai ba a kantin fenti aka raɗa su ba, a bakin marina aka raɗa su, shi ya sa ke da mai fentin kuka kasa haɗuwa.

Kalmar ita kanta tana sauyawa da jinsi da adadi: shuɗin bango, shuɗiyar ƙofa, shuɗɗan kwanoni. Yaran yanzu sun fara cewa "shuɗin ƙofa", wasu ma sun yar da kalmar sun kama "bulu". Aro ba laifi ba ne, launi ma daga Larabci muka aro shi tun da daɗewa, kala kuma daga Turanci. Amma in an riƙe shuɗi, a riƙe shi da ƙa'idarsa.

Marini yana zuba baba, wato ganyen rini da aka sarrafa aka busar, cikin rami mai zurfi tare da ruwa da toka, ya bar shi kwanaki ya ruɓa yana motsawa. In ya tsoma farin ƙyalle ya fiddo, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonki. Tsomi ɗaya launi mai haske yake bayarwa. A shanya a sake tsomawa, ya ƙara duhu. Haka za a yi ta yi har ya kai inda Bahaushe ya daina ce masa shuɗi, ya ce baƙi. Nan ne gaɓar da mutane ke tuntuɓe. Baƙin rawanin da kakanki ke naɗawa, da babbar rigar nan mai walƙiya da ake kira ƙore, da ƙ mai lanƙwasa ba kore na ganye ba, in kika ɗaga su a rana shuɗi za ki gani. Amma ba wanda ya taɓa ce musu shuɗɗa. A idon Bahaushe, shuɗi in ya cika ya tumbatsa, baƙi ya zama. Don haka abin da mai fentin ya kawo miki karo na biyu, a littafin kamfani shuɗi ne, a bakinmu baƙi-baƙi ne, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinku.

Tsakanin fari da wannan baƙi, harshen yana da dabaru. Yana maimaita kalma don rage mata ƙarfi: shuɗi-shuɗi, abin da shuɗin ya ɗan taɓa kawai, kamar yadda ake cewa ja-ja ko fari-fari. Yana ƙara amsa-kama don ƙarfafawa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, shuɗi shar. Ki lura "shar" ɗin nan shuɗi da kore ne suke tarayya a kansa, maƙwabta ne a harshe kamar yadda suke a bakin rami. Babbar dabarar kuwa ita ce jingina launi ga abin da kowa ya sani, sau da yawa da kalmar "ruwan": ruwan toka, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ƙasa. A gidan shuɗi akwai ruwan bula, akwai launin sararin samaniya, sannan zamani ya kawo "ruwan omo" daga garin sabulun wanki. Wasu malamai suna yamutsa fuska in sun ji ta. Ni ban ga aibinta ba, don bisa tsarin harshen aka gina ta, kuma duk wadda kika gaya wa ta gane.

To amma ko wane suna kika kira, gani ya kori ji. Ki ɗauki abin da launinsa ya kwanta miki, gyale ne ko murfin kwano, ki damƙa wa mai fentin. Ya shafa kamu ɗaya a bangon, a bar shi ya bushe, don launin ɗanyen fenti ba shi ne na busasshe ba. Ki duba shi da hantsi, ki duba da la'asar, ki duba da dare a ƙarƙashin ƙwan da za ki riƙa kunnawa. Ƙwai mai hasken rawaya yana kashe shuɗi, ya mayar da shi toka-toka ko kore-kore. Mai farin haske yana fito da shi.

Tunda kin tambaye ni har ra'ayi zan ba ki. A gari irin Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ba zan rufe madafa da shuɗi mai duhu daga sama har ƙasa ba. Launi mai duhu yana shanye haske, ɗaki ya ƙuntata, ga wuta ga zufa. Mai haske ya hau bango da rufi, mai duhun ya tsaya a ƙofofin kabad na ƙasa ko a layin tayil. Kuma ki tuna da hunturu: ƙurar hazo fara-fara ce, a kan shuɗi mai duhu ta fi nuna kanta, kina gogewa tana dawowa.

Tambaya ta biyu daga wani magidanci ce a Runjin Sambo. Ya ce mahaifiyarsa, Allah ya jiƙan ta, takan jefa bula cikin farar ƙasa in za a shafe ɗaki gab da Salla. Yana son sanin ko bula ita ce shuni, kuma ko zai iya shafe madafar iyalinsa da shuni don ya fi zama na gargajiya.

Alhaji, ba abu ɗaya ba ne, ko dangi ba su haɗa ba. Shuni daga tsiro yake, shi ne tataccen launin da ake cirowa daga baba a busar. Bula kuwa kayan kanti ce, sunanta ma daga kalmar Turanci ta shuɗi aka aro shi. Asalin irin launinta dutse ne mai tsada da ake haƙowa a Badakshan ta ƙasar Afganistan, ana niƙa shi don masu zane. A 1828 aka ba wani Bafaranshe mai suna Guimet lambar yabo saboda ya gano yadda ake haɗa launin a masana'anta, daga nan ya yi araha har ya shigo kwanon wanki. Aikin bula a wanki dabara ce ta ido: farin tufa in ya tsufa yakan ja rawaya-rawaya, ɗan shuɗin sai ya danne rawayar, ido ya ga fari tas. Abin da Hajiya ke yi wa bango ke nan. In aka ƙara hannu kuma bangon ya tashi daga fari ya koma ruwan bula sosai.

Shuni ba na bango ba ne. Ba ya narkewa a ruwa haka kawai, sai ya bi ta ramin rini sannan ya kama zare. In ka kwaɓa shi ka shafa, kuɗinka ka zubar, zai riƙa bin rigar duk wanda ya jingina. Abin da marina ta ba magina shi ne katsi, tabon da ke kwantawa a gindin rami, wanda ake ƙonawa a haɗa laso da shi don ɗaɓe soro da ramin rinin kansa.

Bula tana zama lafiya da farar ƙasa, amma tana da abokin gaba a madafa: tsami. Ruwan lemun tsami ko na tsamiya in ya fantsama mata yana cin launin. Ga shi kuma irin wannan shafe ba ya jure wanki. Kusa da murhu da wurin wanke-wanke, fenti mai mai ko tayil ya fi, a bar bular can sama inda hannu da miya ba sa kaiwa.

Wani ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ce kullum yana jin 'yan jarida suna cewa "masu hannu da shuni", me ya haɗa arziki da shuni?

Ɗana, tufa ce ta haɗa su. Bayan an gama rini, ana kai ƙyalle wurin mabuga, su shimfiɗa shi a kan gungume su yi ta dukansa da tabarya, suna ƙara masa garin shuni har ya ɗauki walƙiya. Wannan shunin na sama ba ya kama zare duka, yana zuba a jiki. Wanda ya sa irin rigar, ya gyara hannunta a kafaɗa, ya taɓa rawani, sai ka ga tafinsa ya yi shuɗi. Talaka kuwa fari yake sawa, ko mai tsomi kaɗan, don kowane tsomi kuɗi ne. Ashe hannu kawai za ka kalla ka san wanda ya ci ya ƙoshi. Akwai masu cewa marina ake nufi, tunda su ne hannunsu ba ya rabuwa da launi. Na fi karkata ga bayanin farko, don mai sayen rigar aka sani da dukiya, kuma hannun marini baƙi ake ce masa.

Ba ƙaramin ciniki ba ne a da. Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya isa Kano a 1851 ya rubuta cewa rinannun tufafinta suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Turkuɗi da rawani ɗan Kura, daga garin Kura kusa da Kano, su ne abin alfaharin Buzaye, kuma saboda zubar shunin a fatarsu Turawa suka yi musu laƙabi da shuɗɗan mutane. Mu nan da muke da Illela da Ƙonni, garuruwan kan iyakarmu da Nijar, a bakin ƙofa ba sai an kwatanta mana ba. Sakkwato ta fi suna da jar fata, amma sunan unguwar Marina ya isa shaida cewa an yi rini a birnin. Abin ya fara ja da baya bayan kamfanin BASF na Jamus ya fitar da shunin masana'anta kasuwa a 1897. Sana'ar ta ƙanƙance, maganar ta zauna daram, har ana faɗa wa mai kuɗin da bai taɓa ganin ramin rini ba.

Wata Hajiya daga Arkilla ta ce ta yi wa madafarta farin fenti, tana girki da gawayi, kafin shekara bango ya yi baƙi. Surukarta ta leƙo ta ce, "An san a rina." Hajiyar tana tambaya ko wannan ce maganar "akwai rina a kaba".

Hajiya, rubutu ne ya haɗa su, ma'ana ta raba. Ta farko cikonta shi ne "wai an saci zanen mahaukaciya". Rina a nan aikatau ce, ta rini. Zanen da kowa ya sani a jikin mai shi, ɓarawo ba shi da yadda zai yi da shi sai ya kai marina a sauya masa kama. Ana faɗar ta ga abin da tun farko an san haka zai ƙare. Inna tana gaya miki ne cewa farin bango da hayaƙi ba sa zama ɗaki ɗaya, kuma gaskiyarta. Rina ta cikin kaba kuwa ƙwaro ce mai harbi, dangin zanzaro, wadda ke maƙalewa a ganyen kaba ta jira mai yanka. Wannan gargaɗi ne cewa akwai matsala a ɓoye, aiki bai ƙare ba.

In za ki sake fenti, shuɗi mai matsakaicin duhu zai ɗan rufa miki asiri fiye da fari, amma ba ya hana hayaƙi tashi. Taga ko mafitar hayaƙi sama da murhu ita ce magani. Kin kuma tambayi "baƙar tukunya mai fidda farin tuwo". Wannan ba izinin barin madafa da ƙazanta ba ne, kan mutane ake yin ta: kada a raina wanda kamanninsa ko asalinsa bai cika ido ba, alheri na iya fitowa daga gare shi.

Saura gajeru. Wani ya tambaya ko "abin da ya shuɗe" daga shuɗi yake. Kama da wane ba wane ba ne. Shuɗe wucewa ce, ba ruwanta da launi.

Wata ta ce kicin ko madafa, wanne ne daidai? Duka ana ji. Madafa ginin gida ce, daga dafa, bisa tsarin maƙera da masaƙa da majema da marina. Na lura mutane sun fara raba musu aiki da kansu: mai gas da tayil kicin, mai murhu da itace a tsakar gida madafa.

Ta ƙarshe daga Gidan Igwai: wai gaskiya ne shuɗin bango yana korar ƙuda? Maganar ta yaɗu, ba a ƙasar Hausa kaɗai ba, amma kada ki sayi fenti saboda ita. Tarkon da ake kafa wa ƙudan tsando a daji da shuɗin ƙyalle da baƙi ake yin sa, don shuɗin janyo shi yake yi. Ki sa raga a taga, ki rufe abinci, ki fitar da shara kafin dare, sannan ki zaɓi shuɗin da ranki ke so.