Na'urar daidaita mai za ta rage zafin injin babur?

Malam, ka ce babur ɗinka ƙirar Harley na gasa maka cinya a cunkoso, kana tambaya ko na'urar daidaita mai irin su Power Commander ko Fuelpak za ta yi magani. Za ta rage, amma kada ka sa rai da yawa.

Saboda dokar hayaƙi, kamfani na saita injin ya sha iska kashi 14.7 kan fetur kashi 1, haɗin da ke ci da zafi sosai. Na'urar tana ƙara fetur kaɗan, haɗin ya koma wajen iska kashi 13.5 kan fetur kashi 1, sai wutar ta sassauta. Sai dai injinka iska ce ke sanyaya shi, in kana tsaye babu na'urar da za ta yi masa fifita.

Kafin ka kashe kuɗi, duba baƙin mai, ka wanke laka daga jikin injin, ka tabbata iska ba ta satar hanya ta wajen da mai ke shiga. In ka canza salansa ko matatar iska, to nan ne na'urar ta fi amfani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora saitin babur ɗin wani, ko cika mai har fulogi ya yi baƙi, tanki kuma na ƙarewa da wuri. Ka tambaya game da garanti tukuna. A 2016 hukumar muhalli ta Amurka ta ci tarar Harley dala miliyan 12 kan sayar da irin waɗannan na'urori.

Saitin kuwa, kai wa bakaniken da ke da injin gwaji na daino, wanda ake ɗora babur a kai a auna ƙarfinsa. In kana jin ƙwanƙwasa a injin, wurinsa za ka fara zuwa.