Na haddace tambayoyin shekara goma, amma JAMB ta kayar da ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bara na zauna JAMB ina neman injiniyanci, wato Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Wallahi na yi karatu. Littafin tambayoyin baya na shekara goma sai da na haddace shi da amsoshinsa, har ta kai in an karanto min farkon tambaya ina faɗin harafin amsarta. Amma da na zauna gaban kwamfuta sai na ji kamar ban taɓa buɗe littafi ba. Na tashi da maki 171. Bana saura wata huɗu, kullum gabana faɗuwa yake, ga shi Baba ya ce wannan ne karo na ƙarshe da zai biya min. Wani a zauren WhatsApp ya ce in na tura masa kuɗi zai turo min tambayoyin da za su fito tun daren jarrabawa. Malam, kaina ne ba ya ja, ko yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kwantar da hankalinka. Yaron da ya iya haddace tambayoyin shekara goma ba a ce masa kansa ba ya ja. Ƙoƙarin ka yi shi, inda ka zuba shi ne bai dace ba, kuma wata huɗu sun isa a gyara in ka fara yau.

Mutumin WhatsApp zan fara sallama, don ba shi da wani nauyi. Ɓarawo ne. Jarrabawar nan a kwamfuta ake yin ta, kwanaki ake ɗauka ana yi, rukuni bayan rukuni, kuma abin da ke kan allonka ba lallai ya zama shi ne a kan allon na kusa da kai ba. To wace takarda ce zai turo maka? Abin da suke yi shi ne su kwafo tsofaffin tambayoyi su canza musu shekara, ka tura kuɗi, washegari lambar ta daina shiga. Haka masu cewa za su ƙara maka maki bayan sakamako ya fito. Kada ka ba kowa lambarka ta NIN ko lambar rajistarka. Kuma ka sani satar jarrabawa laifi ne da dokar 1999 ta tanadar wa hukunci har da ɗauri, ban da soke sakamako. Ka fita daga zauren nan yau, mu koma kan ainihin ciwon.

Ciwon shi ne wannan magana da ta game makarantu da wuraren lesin: wai JAMB maimaita tambaya take yi, don haka duk wanda ya haddace na baya ya gama. Kusan kullum sai na ji ta, wani lokacin ma daga bakin malamai, abin da ya fi ɓata min rai ke nan. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta, shi ya sa take da haɗari. Darussan ne ake maimaitawa, saboda manhajar ba ta cika canzawa ba. Tambayar kuwa sai a juya ta, a canza lamba ɗaya ko kalma ɗaya, amsar ta tashi daga B ta koma D. Mai karatun aku ya ga fuskar tambayar ya gane ta, ya yi murna, ya danna harafin da ya haddace, ya fita yana cewa ai jarrabawa ta yi sauƙi. Sai sakamako ya fito a fara zargin kwamfuta.

Bari in nuna maka da idonka. A tsohuwar tambaya an ce 25 cm³ na NaOH mai ƙarfin 0.10 mol/dm³, HCl nawa mai irin wannan ƙarfi zai kashe shi? Amsa 25 cm³. Ka haddace, har ka riƙe wata gajeriyar hanya da aka koya maka, CaVa = CbVb, wato ƙarfin asid sau yawansa daidai yake da ƙarfin bes sau yawansa. Ranar jarrabawa sai aka cire HCl aka sa H₂SO₄, komai kuma aka bar shi yadda yake. Amsar yanzu 12.5 cm³ ce, domin mol ɗaya na H₂SO₄ mol biyu na NaOH yake ci. Wanda ya saba rubuta ikweshan ya daidaita shi kafin ya taɓa lamba, cikin daƙiƙa goma zai ga haka. Kai kuwa 25 ɗinka tana nan zaune cikin zaɓin tana jiranka, don masu tsara tambaya sun san kuskuren da yara ke yi, kuma da gangan suke ajiye shi a cikin amsoshi huɗun.

Ga wata da nake gwada ɗalibaina da ita duk shekara. Gas mai girman 300 cm³ a zafin 27°C, aka ɗaga zafin zuwa 54°C, matsi bai canza ba. Fiye da rabin ajin 600 suke rubutawa, wai zafi ya ninka. Dukkansu kuma in ka tashe su daga barci za su karanto maka V₁/T₁ = V₂/T₂ ba gargada. Fomular tana kansu, ma'anar T ce babu. T zafi ne, kuma a ma'aunin Kelbin ake aiki, inda 27°C yake 300, 54°C kuma 327, don haka amsar 327 cm³ ce. Ƙari kaɗan ne gas ɗin ya yi.

A Fiziks ma haka abin yake. An jefa dutse sama da gudun 20 m/s, an ce a ɗauki g, wato jan ƙasa, a matsayin 10 m/s². Kowa ya san zai kai tsayin mita 20 cikin daƙiƙa 2. To in aka ninka gudun ya zama 40 m/s fa? Mai hadda zai ce mita 40. Amsar mita 80 ce, saboda tsayin yana bin u² ne, wato gudun farko sau kansa, ka ninka gudu sau biyu tsayi ya ninku sau huɗu. Sannan a tambaye ka akselareshan ɗin dutsen, wato saurin canjin gudunsa, a daidai ƙololuwa, inda ya tsaya cak kafin ya juyo. Na sha ganin yara masu ƙoƙari sun zaɓi sifili. Gudun ne ya zama sifili a wurin. Jan ƙasa bai tafi hutu ba, yana nan 10 m/s² yana fuskantar ƙasa, in ba haka ba ai dutsen zai rataye a sama ke nan. Wannan tambaya babu lissafi a cikinta ko kaɗan, kuma babu littafin hadda da zai cece ka daga ita.

Wani abin takaici kuma, littattafan tambayoyin bayan nan da ake sayarwa ba dukkansu ne amsoshinsu suke daidai ba. Na taɓa zama da wani ɗalibi muka warware tambayar rezisto biyu, om 6 da om 3 a haɗin faralel, muka samu om 2. Ya kafe shi 9 ce, don haka littafinsa ya rubuta. Sai da na ce masa ya yi tunani: ka ƙara wa wuta hanya ta biyu, ta yaya wucewa zai ƙara yi mata wuya? Sannan ya yi shiru. Wanda ba ya warwarewa da hannunsa har kuskuren mai buga littafi yake haddacewa.

Kada ka fahimce ni a kan ka jefar da littafin. Yana da amfani sosai, amma ma'auni ne, da shi ake gane inda aka tsaya. Ka samo manhajar JAMB ta kowane darasi, kyauta take a shafin hukumar. Ka ɗauki batu ɗaya, ka karanta shi a littafin makaranta, sannan ka tattaro tambayoyin baya na wannan batun kaɗai, ka rufe amsoshin, ka warware a takarda. Duk wadda ka faɗi, ka rubuta dalilin faɗuwar a wani littafi na daban: ban juya cm³ zuwa dm³ ba, ban daidaita ikweshan ba, na manta alamar ragi. Bayan mako uku za ka ga kurakuranka ba su wuce iri biyar ko shida ba, su ne suke ta dawowa da sabuwar riga. Wadda ka ci kuma kada ka wuce ta haka nan. Ka canza mata lamba da kanka, ko ka mayar da amsar ta zama abin da aka bayar, ka nemi abin da aka bayar da farko. In ka iya wannan, tambayar ta zama taka, duk yadda aka juya ta.

Da Lissafi za ka fara, ko da kuwa shi ka fi tsoro. Yawancin abin da yara ke kira wahalar Fiziks da Kemistiri, in ka bincika, lissafin aji ɗaya na babbar sakandare ne bai zauna ba: juya fomula a fitar da harafin da ake nema, rashiyo, indisis, logaridim, rubuta lamba da 10 mai ɗauke da fawa. Wanda ya san log 10⁻³ daidai yake da −3 ba ya ɓata lokaci kafin ya ce pH na HCl mai 0.001 mol/dm³ shi ne 3. Wanda ya iya raba abu gida biyu har sau huɗu ya san gram 80 na sinadarin da rabinsa ke lalacewa duk kwana 3 zai koma gram 5 bayan kwana 12. Ka ba waɗannan batutuwan lissafi makonni uku na farko, za ka ga sauran darussan biyu sun yi laushi. Ka kuma riƙe sin, cos da tan na 30°, 45° da 60° a ka, don kalkuletar da ke kan allon jarrabawa mai sauƙi ce, kada ka dogara da ita. Irin wannan haddar ba ni da ja a kanta, haka alamomi da lambobin sinadarai ashirin na farko a jadawali.

Sai lokaci. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Turanci ka yi shi da hanzari don ka tara wa masu lissafi lokaci, duk wadda ta riƙe ka fiye da minti ɗaya ka tsallake ka dawo mata, kuma kada ka bar ko ɗaya babu amsa. A watan ƙarshe, sau biyu a mako, ka zauna da agogo ka yi cikakkiyar jarrabawa ba tashi ba waya. In da hali ka yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, hannunka ya saba da kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar Baba kuma, ka same shi ka nuna masa littafin kurakuran nan bayan wata ɗaya. Iyaye in suka ga aiki a takarda hankalinsu yakan kwanta, kai ma nauyin da ke ƙirjinka zai ragu.

Ga aikin daren yau. An narkar da gram 5.3 na Na₂CO₃ a ruwa aka cika shi 250 cm³. Ka nemo ƙarfinsa a mol/dm³, ya kamata ka samu 0.2. In ka samu, sai ka canza gishirin ya zama Na₂CO₃·10H₂O, nauyin mol ɗinsa 286 maimakon 106, ka nemo gram nawa za a auna a samu wannan ƙarfin a cikin 250 cm³ ɗin. Ta biyun ban ba ka amsarta ba. Ka turo min ita tare da yadda ka bi ka samo ta, layi bayan layi.