Talabijin Mai Kamawa Sai Ya Ga Dama: A Gyara Ko a Sake Sabo?

Tun da hunturu ya shigo, saƙonnin da ke iso mini kusan duk kuka ɗaya suke yi, na talabijin da ke kamawa yau, gobe ya ƙi. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da filasma inci 43, shekararsa biyar a ɗakina. Da safe idan na danna rimot sai jar fitilar nan ta yi ta ƙyaftawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Sai na cire na mayar sau biyar ko shida kafin ya kama. Da rana ba ya ba ni wahala. Mai gyara ya ce a sauya fanel ɗin wuta gaba ɗaya, maigidana kuma ya ce a sayar a cika kuɗi a sayi sabo. Wanne zan bi? (Wata uwargida daga Fadamar Mada)

Wa alaikumus salam, Hajiya. Da kika ce "da safe", kin riga kin yi wa mai gyara rabin aikinsa, ko da bai lura ba.

A bayan allon nan akwai fanel ɗin wuta, wanda ke karɓar bolt 230 na soket ya mayar da ita ƙananan wutace. Ta farko ƴar mitsitsiya ce, galibi bolt 5, ita ke kunna jar fitilar, ita ce kuma ke sa talabijin ya ji kiran rimot. Idan kin danna, sai babban fanel, wato ƙwaƙwalwar talabijin, ya ba da umarni a saki sauran, wato bolt 12 da kuma wutar fitilun da ke haska allo. Masu tace waɗannan wutace su ne kafasita, wasu ƴan gwangwanaye a tsaye kamar guntun batir, da ɗan ruwan sinadari a cikinsu. Zafi ke busar da ruwan a hankali. Masu sana'ar suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon ran kafasita biyu, kin kuwa san yadda Bauchi take a watan Maris da Afrilu, balle a ɗakin kwano marar silin. Ɓarnar da bazara ta yi, hunturu ke tona ta, domin kafasitar da ta fara bushewa ta fi kasawa idan ta yi sanyi. Kowace kunnawa da kike yi tana ɗan ɗumama ta, a ta shida sai ta daure ta ɗauka.

Mai gyara zai iya tabbatar da wannan a gabanki. Da safe, kafin a kunna, ya hura wa sashen kafasitocin iskar na'urar busar da gashi na minti ɗaya ko biyu. Idan ya kama a dannawa ɗaya, an gano ɓarawo. Sau da yawa ma ido na gani: kan gwangwanin da ya kamata ya zama a shafe sai ki ga ya yi tozo, wani har da tsatsa-tsatsa a bakinsa. Amma ba duk wadda ta mutu ke kumbura ba, shi ya sa nake son mai gyaran da ke da mitar gwada kafasita ta musamman, wadda suke kira mitar ESR.

Shawarata, a sauya kafasitocin, kada a sauya fanel. Dalili kuwa, fanel ɗin talabijin mai shekara biyar da wuya a samu sabo dal. Abin da za a kawo miki galibi ciro ne daga wani talabijin sa'an naki, da kafasitoci masu irin gajiyar naki. Kin biya kuɗi mai yawa kin sayo ciwon da zai dawo baɗi. A wajen sayen sababbin, lambar maikurofarad, wato ma'aunin yawan cajin da kafasita ke riƙewa, ta zo daidai da ta tsohuwar, lambar bolt ta yi daidai ko ta ɗara, sannan a nemi mai rubutun 105 a jiki, a bar mai 85, don ta fi jure zafi. Kuma a sauya duk na layin gaba ɗaya. Idan aka cire ɗaya da ta kumbura aka bar ƴan'uwanta, bayan wata biyu kina hanyar shago.

Inda zan yarda a sauya fanel shi ne idan ya ƙone har ya yi gawayi, ko wuta mai ƙarfi ta bi ta kashe kayan ciki da yawa. A nan ma sai lambar da ke jikinsa ta zo ɗaya da ta tsohon. Batun sabo kuma, ki ba maigida haƙuri. Abin da ke sa a haƙura da talabijin shi ne allon kansa, idan ya fashe ko ya yi layi-layi, don kuɗinsa ya kusa na sabo. Naki allon lafiyarsa ƙalau.

Roƙo ɗaya: kada a bar yaran gida su kwance bayansa don sun ga ana yi a waya. Akwai babbar kafasita mai rubutun 400 ko 450 wadda ke iya riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare waya daga bango. Ki kuma daina tilasta masa da cirewa da mayarwa, gurɓatacciyar wutar da ke fita a lokacin tana iya taɓa babban fanel, shi kuwa ya fi tsada.

Tambaya: Sau biyu ina kai nawa shago. Da zarar an jona sai ya kama, mai gyara ya ce lafiyarsa lau, ya karɓi kuɗin dubawa. Na dawo gida kwana biyu ya koma halinsa. Cuta ta yake yi? (Wani malamin makaranta daga Azare)

Malam, ba lallai ba ne. Ciwon da ke ɓuya idan ya ga likita ya fi kowane wahalar kamawa, na ga wanda ya kwana uku a kan tebur yana aiki kamar sabo, ranar da mai shi ya zo ɗauka ya ƙi tashi.

Ka fara zargin gidanka kafin ka zargi mutumin. Cire shi daga doguwar soket ɗin nan da aka cika da cajar waya da fanka, ka jona shi kai tsaye a bango. Duba ƙafafun fulogin, idan sun yi baƙi ko robar ta narke, bakin soket ya saki. Ka gwada maɓallin jikin talabijin maimakon rimot. Shi rimot ɗin, ka nuna kansa ga kyamarar wayarka ka danna, idan yana aiki yawancin wayoyi za su nuna maka ɗan haske yana ƙyaftawa. Sannan ka zare wayar dikoda da duk abin da ke maƙale a baya, ka kunna shi shi kaɗai.

Idan duk wannan bai canza komai ba, hankalina ya fi karkata ga dalmar da ta tsage. Ƙafafun manyan kaya kamar taransifoma suna zafi suna hucewa kullum, har dalmar da ta riƙe su ta yi tsaga siririya kamar gashi. Girgizar Keke Napep a hanyar shago ta isa ta haɗe tsagar na kwana biyu, shi ya sa yake yi maka ladabi a can. Mai gyara na gano ta ne da ƙwanƙwasa fanel a hankali da ƙotar sukundireba ta roba yana kallon abin da zai faru, maganinta kuma sake narka dalma, ba sayen komai.

Kafin ka koma, ka ɗauki bidiyon lokacin da ya ƙi, ka ƙirga sau nawa fitilar ke ƙyaftawa kafin ta tsaya ta sake, domin a wasu kamfanoni irin su Sony adadin ƙyaftawar yana nuna sashen da ke da matsala. Idan kana jin murya babu hoto, haska allon da tocila dab da gilashi. Ka ga inuwar hoto? To talabijin ya kama, fitilun baya ne suka ƙi, wannan gyara ne daban. Ka bar shi ya kwana a shago a kashe, ka je da sassafe a yi kunnawar farko kana tsaye. Ku yi magana tun farko cewa cikon kuɗi sai ya yi mako yana tashi, kuma a ba ka duk abin da aka cire a hannunka.

Tambaya: Ina da gidan kallon ƙwallo, talabijin uku. Sitabilaiza zan saya ko ƙaramin gad ɗin nan da ake jonawa a soket? (Wani matashi daga Yelwa)

Ɗan'uwa, leƙa takardar da ke manne a bayan kowanne. Idan an rubuta 100 zuwa 240, raunin wuta bai cika damunsa ba sai ta faɗi ƙasa da ɗari. Abin da ke kashe shi shi ne dawowar wuta da ƙarfi da kuma ɗauke-kawo a cikin minti ɗaya. Gad ya fi dacewa da wannan, yana yankewa idan wuta ta wuce kima, yana kuma ɗan jinkirtawa kafin ya saki. Sitabilaiza sai idan layinku na yawan yin ƙasa sosai, har fanka na juyawa da ƙyar. Kuma ka sani tsohuwar sitabilaiza mai yawan ƙas-ƙas ita kanta tana iya sa talabijin ya riƙa mutuwa yana tashi.

Janareto kuwa, bari ya daidaita kafin ka kunna kallo, ka kashe kafin mai ya ƙare ya fara shaƙewa. Da damina idan hadari ya haɗo, zare wayar dish ɗin ma, tsawa ta nan take shigowa, gad ɗin soket ba ya ganinta. A rumfa mai cike da mutane kamar taka, ka bar tazara tsakaninsu da bango, ka juya musu fanka ɗaya.

Tambaya: Zan sayi na hannu, ɗan kwatano. Me zan duba? (Wani ango mai jiran gado daga Misau)

Allah ya sanya alheri, ango. Duk wanda ka tarar a kunne yana sheƙi, bai gaya maka komai ba tukuna, don ya riga ya ɗumama. Ka sa a kashe a zare waya, ka zaga kasuwa ka yi sauran sayayyarka, ka dawo bayan awa guda a kunna a gabanka. Ya kamata ya tashi a dannawa ɗaya. Duba takardar baya, wasu da aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 kawai suke ɗauka, wutarmu za ta ƙona su nan take. A sa maka farin hoto ka duba ko akwai tabo mai haske ko duhu a allon. Kallo ɗaya za ka yi wa sukurorin baya ka san ko an sha kwance shi. A rasit kuma a rubuta maka kwanakin gwaji, aƙalla bakwai, da lambar da ke jikin talabijin ɗin.