Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗana ya shekara 3 bai fara magana ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ya shekara 3, ko "Inna" bai taɓa faɗi ba. In na kira sunansa ba ya waigowa, yini yake yi yana juya marfin tukunya, in injin niƙa ya tashi sai ya toshe kunne yana ihu. Uwar mijina ta ce iska ce, an yi rubutu an yi hayaƙi, shiru. Wata malamar jinya ta ce mai yiwuwa otizim ne. Ina zan nufa? Daga wata uwa, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Alamomin da kika zayyana sun yi kama da otizim, wato bambanci a yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun yaro yana ciki. Ba sakacinki ba ne, ba kuma allurar rigakafi ce ta jawo ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, ya fi yawa ga maza.

Kafin komai a auna jinsa, don kurman yaro ma ba ya waigowa kuma ba ya magana. Ki ɗauki karnensa, wato katinsa na asibiti, ki je likitar unguwa, ki nemi takardar turawa zuwa Babban Asibitin Zinder wajen likitan kunne da likitan yara. Ki tafi da ɗan bidiyo na minti 2 a waya, lokacin da yake wasa da lokacin da kike kiransa, don a ɗakin likita yaro yakan rikice. Babu gwajin jini da ke nuna otizim, da lura da tambayoyi ake gane shi. Babu kuma ƙwaya ko jiƙon da ke warkar da shi, kada ki sayar da akuyarki don wani ya yi miki alkawari. Addu'a kam a ci gaba, amma hayaƙin a bari, yana cutar da huhunsa.

Babban aikin yana gida, kuma ba sai kin jira sakamako ba. Ki ware minti 10, sau 3 a yini. Ki zauna a tabarma fuskarki daidai da tasa, ki shiga wasan da yake so: in marfi yake juyawa, ki ɗauki naki ki juya. In ya saba, ki riƙe marfin kusa da fuskarki, ki ce "marfi", ki yi shiru kina ƙirga 10 a zuci. Ya dube ki, ko ya miƙo hannu, ko ya yi wani sauti, ki ba shi nan take. Haka wajen abinci: koko a hannu ɗaya, fura a ɗaya, ya zaɓa. Kalma ɗaya tak, ba "zo nan ka karɓa ka sha maza" ba, doguwar magana wuce shi take yi.

Inda aka fi samun cikas biyu ne. Wasu sukan dage sai ya furta kalmar kafin su ba shi, yaro ya gaji ya daina nema. Wasu kuma sai ya fara birgima suke miƙa masa, ya koyi cewa ihu ne ke biya. Don haka ki nuna wa mai gidanki da uwar mijinki da yayyen yaron yadda ake yi, gida ya zama baki ɗaya. Ihun injin niƙa kuwa ba shagwaɓa ba ce, ƙarar zafi take masa a kunne. Ki janye shi ɗaki, ban da duka.

Abu biyu kada ki yi wasa da su. Irin waɗannan yara sukan fice ba sallama, kuma ruwa yana jan su, ga tafkuna cike a garin nan da damina. A sa sakata sama inda hannunsa bai kai, a rufe rijiya da randa, a sanar da maƙwabta, amma kada a ɗaure shi. Sannan farfaɗiya takan haɗu da otizim. In ta tashi, ki kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki. In ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.