Sake jera abubuwa a WordPress

Malam, ka tambayi yadda masu shigar da rubutu za su riƙa sauya jerin abubuwa da kansu a WordPress, manhajar gina shafukan intanet. A teburin wp_posts, inda WordPress ke ajiye rubuce-rubuce, akwai gurbin menu_order mai riƙe matsayin abu a jeri, lamba ce kawai, kuma kowane sabon abu da 0 yake farawa. Nan matsalar take: in duk 0 ne, ba abin da zai jeru.

Ka kunna page-attributes, wato zaɓin da ke fito da wurin rubuta wannan lamba a shafin gyara rubutu, sannan a WP_Query, umarnin da ke ɗauko rubuce-rubucen, ka sa orderby (abin da za a jera da shi) ya zama menu_order, order kuma ASC (daga ƙaramar lamba zuwa babba), domin asalinsa DESC ne (daga babba zuwa ƙarama), in ka bar shi haka sai jerin ya kife. Lambobi ka ba su 10, 20, 30, don a cusa sabo a tsakani ba sai an taɓa sauran ba. In so suke su riƙa jan abu suna ajiye shi inda suke so a jerin, Simple Page Ordering, wata ƙaramar manhaja (plugin) da ake ƙara wa WordPress, ta wadatar.