Mu haɗa kwantena ɗaya, ko kowa ya yi ta kansa?

Tambaya: Mu uku ne muke sayo kaya daga waje, babu wanda kayansa ke cika kwantena. Abokaina sun ce mu haɗa mu kama guda. Riba ce, ko rigima zan saya da kuɗina?

Amsa: Malam, fara da awo. Kwantena mai ƙafa 20 cikinta kusan kubik mita 33 ne, amma da wuya a loda fiye da 28, domin kwalaye ba sa zama cif. Idan kayanka sun haura kubik mita 15, tambayi farashin kwantena taka kai kaɗai, sau da yawa bambancin bai taka kara ya karya ba. Ƙasa da haka, haɗaka ta fi sauƙi.

Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. In takardar lodi, wato shaidar ɗaukar kaya da kamfanin jirgi ke bayarwa, ɗaya ce da sunan mutum ɗaya, shi kaɗai kamfanin jirgi ya sani. Ɗayanku ya rubuta takalma alhali batir ya cusa a ƙarƙashi, kwastam za su riƙe kwantenar gaba ɗaya, kwanakin da ake ba ku kyauta don fitar da kwantena daga tasha su ƙare, tarar jinkiri ta riƙa hawa kullum a kan ku duka. Don haka ku bi ta hannun ejan mai haɗa kaya, ya ba kowa takardar lodinsa daban. Ku rubuta yadda za a raba kuɗi kafin lodi. Al'adar harkar ita ce kubik mita ɗaya daidai da kilo 1,000, a caji kowa da awon da ya fi yawa a kayansa, girma ko nauyi, in ba haka ba mai katifa ya biya wa mai tayil. Nauyi kuma kada a yi kintace, tun Yulin 2016 ba a ɗora kwantena a jirgi sai da tabbataccen nauyinta.

Tambaya: Kamfanin jirgi ya ce in ba shi hasashen kayan da zan ɗauko a shekara, ya rage mini farashi. In bayar?

Amsa: Hajiya, bayar, amma da iyaka. Yawan kwantena, watanni da tashoshi sun ishe shi ya ware miki gurbi lokacin cunkoso. Sunan masana'antar da kike saye da farashinki ba ruwansa da su. Ko manya suna ɗari-ɗari da wannan: kamfanin jiragen ruwa na Maersk da kamfanin kwamfuta na IBM sun kafa dandalin intanet na TradeLens a 2018 don musayar bayanai, a 2022 suka sanar da rufe shi saboda abokan harka ba su shigo yadda ake buƙata ba. Kuma ki duba ko yarjejeniyar ta ɗora miki tara idan kayan ba su kai adadin da kika faɗa ba.